Yadda za ka hana amfilifayar bes ɗinka mutuwa ana tsaka da wasa

Duk mai kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, da ya daɗe yana yawon biki ya san wannan tashin hankalin, waƙa ta ɗau zafi, mata sun shigo fili ana liƙi, kawai sai ka ji ƙasan kiɗan ya ɓace, ka juya ka ga 'yar jar fitila tana ƙyaftawa a gaban amf ɗinka. Ni ya same ni a wani ɗaurin aure lokacin zafi, wajen ƙarfe tara na dare, kafin ma sautin ya ɗauke na fara jin warin ƙauri amma na ɗauka hayaƙin janareto ne. Washegari na kai ta wajen mai gyara, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo da amfilifaya, ya kwance murfin ya kira ni ya ce zo ka gani ɗana. Fankar da ke ciki ƙura ta daskare mata kamar an shafa taɓo, da ƙyar take juyawa ko da yatsa ka tura ta. Sai ya tambaye ni akwatin sifika nawa na jona mata, na ce biyu Baba, ya ce om nawa-nawa ne, na yi shiru don wallahi ban taɓa dubawa ba. Dukansu om 4 ne. Tun ranar na gane yawancin amf ɗin da muke cewa ba ta da inganci, zafi ne da wuta mara kyau da jonin ganganci suke kashe ta, kuma dukansu abubuwa ne da mutum zai iya tarewa tun kafin ya bar gida.

Bari mu fara da om ɗin nan, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amf ke tura mata, tunda shi ya ci ni. Juya bayan amf ɗinka, kusa da inda ake jona sifika za ka ga an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, yawancinsu 4 ne, kaɗan ne ke sauka zuwa 2. Akwatin sifika shi ma yana da nasa, ko 8 ko 4. In ka haɗa akwati biyu yadda muka saba haɗawa, lissafin ƙasa yake yi ba sama ba, 8 da 8 su ba ka 4, 4 da 4 su ba ka 2, 8 da 4 kuma su ba ka wajen 2.7. To duk sanda lambar ta sauka ƙasa da abin da aka rubuta, amf ɗin tana jan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi ta zafi, in mai tsaro ce ta kashe kanta, in ba ta da shi tiransisto su ƙone. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba nan take take mutuwa ba, za ta iya yin awa ɗaya ko biyu lafiya lau, sai wasa ya kai inda ake buƙatarta sannan ta kwanta. Misali mai kyau Fender Rumble 500, da sifikunta na ciki masu om 8 wat 350 take bayarwa, sai ka ƙara mata akwati guda mai om 8 sannan ta kai 500 ɗin, ka ga kenan wurin akwati ɗaya aka bar maka, kar ka ce za ka ƙara biyu don fili ya yi girma.

Kuma kar ka yarda da takardar da ke bayan akwati in na hannu ka saya, musamman in an taɓa kai sifikar wajen masu naɗin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sifika, don wani zai naɗa maka da wayar da ya samu, om ɗin ya canza ba wanda ya sani. Sayi 'yar mita mai auna om, ba ta da tsada. Akwati mai om 8 zai nuna maka tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3, haka yake dama, ba lalacewa ba ce.

Sai wuta, nan ne babbar matsalarmu. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan kiɗa na hannu da yawa daga can suke shigowa. Kafin ka cusa fulogi a soket karanta abin da ke kusa da inda wayar wuta take shiga. Wasu suna karɓar kowace wuta, wasu suna da ɗan makunni da ake turawa zuwa 230, wasu kuwa 120 ce kawai sai da tiransifoma mai rage wuta, in ka yi kuskure ƙara ɗaya za ka ji shike nan. A wajen biki kuma kar ka jona kayanka kafin a tada janareto, bari ya tashi ya daidaita tukuna, haka in ka ji ya fara tari mai zai ƙare, kashe amf ɗinka kafin ya mutu. Tambayi masu gida me da me ke kan layin, in akwai firiza ko injin ruwa roƙe su a raba, don duk sanda suka tashi wutar sai ta yi ƙasa. Ni yanzu ba na fita sai da sitabilaiza, kuma ka nemi wadda ta ninka ƙarfin amf ɗinka aƙalla sau biyu, ƙarama ba za ta amfane ka da komai ba. Doguwar waya siririya ita ma tana cin wuta a hanya, in kuma mai naɗi ce warware ta duka, in ka bar ta a naɗe zafi take yi. Amf ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma bolum a ƙasa.

Abu biyu nake roƙonka don Allah. Kar ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi, wato ta ukun nan da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, don ya shiga soket ko don wai ƙugi ya daina, wannan ƙafar ita ce tsakaninka da wuta, hannunka yana kan wayoyin bes na ƙarfe bakinka yana kusa da makirfo. Leslie Harvey, mai kaɗa jita na ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandali wuta ta kashe shi a Swansea a 1972 da ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. Na biyu, in fiyus ya ƙone kar ka naɗe shi da takardar taba ko silin waya kamar yadda ake yi. Sa irinsa daidai, lambar tana jikin murfinsa, in ka ga harafin T a gaba to mai jinkirin ƙonewa ne, irinsa za ka nema. In sabon ya sake ƙonewa nan take, tsaya haka nan, ciwon yana ciki.

Zafi da ƙura kuwa aikin minti goma ne. Bar tazarar taki ɗaya ko fiye tsakanin bayan amf da bango, kar ka ɗora mata riga ko jaka a inda iska ke fita, in wasan rana ne nema mata inuwa ko da kai za ka tsaya a rana. Bayan hunturu kai ta a buɗe a hure ƙurar, ko ka yi da kanka da busasshen burushi in ka iya, amma cire ta daga wuta ka bar ta ta jima, kuma kar ka taɓa manyan kafasito ɗin nan masu kama da gwangwani don suna riƙe wuta ko bayan an kashe. Duk sanda ka kunna, kara kunnenka ka ji fanka in irin mai juyawa kullum ce.

Yanzu sifika. Hanya biyu take mutuwa, ko kwayil ya yi zafi ya ƙone, ko takardar nan ta gaban sifika mai motsi ta yi ta tsalle fiye da iyakarta har ta yage ko kwayil ya bugi ƙasa. Ta biyun mu masu bes ita ta fi cin mu, don sautin wayar bes mafi kauri yana sauka har kusan hez 41 a ma'aunin kaurin sauti, in mai waya biyar ce har 31, kuma akwatuna masu rami da yawa ba sa iya riƙe takardar sosai a can ƙasa. Sai mutum ya ga ba a jin shi ya murɗe maɓallin Bass na amf har ƙarshe, bai san cewa ƙarin ƙara na desibel 3 kacal yana neman ninkin wuta ba, 6 kuma ninki huɗu. In ba a jin ka, rage maɓallin ƙasan sauti (Bass) ka ƙara na tsakiya (Mid), wallahi za ka fito fili fiye da da, kuma kayanka su huta. In ka ji akwati ya fara fat-fat kamar ana yaga atamfa, ko fitilar gargaɗi ta tsaya a ja ba ƙyaftawa ba, to kuka yake yi, rage. Kuma ka sani sayen amf mai ninkin wat ba zai ninka maka ƙara a kunne ba, ƙarin akwati na biyu da ya dace ya fi taimako.

In za ka sayi akwati na hannu, cire ragar gaba, sa yatsunka a zagaye da tsakiyar takardar ka danna a hankali daidai wa daida, in ka ji ƙar-ƙar kamar yashi kwayil ya taɓu, bar shi. Ɗauki batir mai bolt 9 ka taɓa bakin wayar sifika da shi na ɗan lokaci kaɗan, duk takardun su motsa tare kuma gefe ɗaya, wadda ta tsaya ta mutu, wadda ta yi baya sauran suna gaba an juya mata waya, kuma ita ce ke shanye maka nauyin sauti. Dubi katakon ma, falawud ya fi jure hanya, na garin katako kuwa ruwa na taɓa shi ya kumbura kusoshi su saki. Ɗaure sukurori lokaci-lokaci, sau da yawa ƙarar da kake zaton sifika ce ta fashe, hannun ɗauka ne ko raga ke karkarwa.

Waya ma a kula. Wayar jita da wayar sifika bakinsu iri ɗaya ne amma cikinsu daban, ta jita siririya ce, in ka sa ta tsakanin amf da akwati za ta iya zafi ta narke ta haɗe, ta tafi da amf ɗin. In kayanka suna da ramin Speakon yi amfani da shi, bakin wayar sifika ne da ke kullewa, ba ya zarewa in yaro ya taka.

Wace iri za ka saya? Masu aiki da kwalaben gilashi a ciki, irin Ampeg SVT da ta fito a 1969, wat 300, sautinta ba magana, amma amf ɗin kaɗai ta haura kilo 35, akwatinta mai sifika takwas ya haura 60, kwalaben suna da tsada ga wahalar samu, kuma ita in ka kunna ta ba a jona mata akwati ba za ka iya ƙona mata tiransifoma. Ga mai hawa adaidaita sahu zuwa wasa, ban ba shi shawara ba. Sababbin nan marasa nauyi irin su Markbass ta Italiya, wat 500 a abin da bai kai kilo 3 ba, bayanka zai gode maka, sai dai in suka lalace yawanci allon ciki ake canzawa ɗungurungum, kuma ba kowane gari za ka samu ba. Ni ra'ayina, in kana nesa da babban birni, tsofaffin masu nauyi irin Peavey ko Hartke sun fi rufin asiri, don cikinsu a fili yake, mai gyaran unguwa zai iya ciro tiransisto ɗaya ya sa wani ka koma aiki a ranar. Ko wacce ce dai, kar ka biya sai ka kaɗa ta da ƙarfi minti ashirin ko talatin ta yi zafi, ka murɗa kowane maɓalli, ka ɗan bubbuga samanta da tafin hannu ka ji ko sauti zai yanke, don dalmar da ta tsage sai an jijjiga take nuna kanta.

To in duk da haka sauti ya ɗauke a fili, kar ka ruɗe, fara daga mai arha. Canza wayar jita tukuna. In bes ɗinka mai batir ce duba batirin, in ya yi sanyi sauti yakan dishe har ka zargi amf, kuma ka riƙa zare waya in ba ka kiɗa don ita ke kunna shi. Sai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ramuka biyun nan na baya da aka rubuta wa Send da Return, akwai ɗan ƙarfe a ciki da sauti ke bi, in ya yi tsatsa sauti ya dinga zuwa yana ɗaukewa, gajeriyar waya za ka sa daga wannan zuwa wancan, sau da yawa shike nan an wuce wurin. In kuma zafi ne ya kashe ta, rage akwati ɗaya, juya mata fankar tsaye, ba ta minti biyar.

Na ƙarshe shi ne akwatin DI, ɗan ƙaramin abu da zai kai bes ɗinka kai tsaye cikin miksa. Kar ka dogara da wanda ke jikin amf don yawanci tare suke mutuwa, nemi naka daban, ko mara batir ko irin su SansAmp ko Behringer BDI21 mai sauƙin kuɗi, ka jona shi tun kafin a fara, bes ta shiga cikinsa sannan ta wuce amf, ka ce wa mai miksa Oga bar min layi ɗaya a shirye. Nawa yana cikin aljihun jakar bes tare da wayar jita biyu, wayar sifika ɗaya, fiyus huɗu, batir sabo, mita, sukundireba da tocila.