Yadda Ake Karanta Matsin Baƙin Mai a Motar Dizal Idan Tana Silo

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar Marsandi mai amfani da dizal, irin 240D ko 300D, ya san halin allurar baƙin mai da ke gaban direba. Da safe ana tayar da mota za ta haye ƙarshen geji, kan lamba 3, ta tsaya cak kamar an kafe ta. Amma bayan doguwar tafiya da rana tsaka, idan aka tsaya cikin cunkoso injin yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, sai a ga ta zame zuwa wajen 1, da an taka totur kuma ta koma sama. A nan hankalin direbobi da yawa yake tashi, alhali wannan saukar ba cuta ba ce. Lambar da ake gani a silo ba ta isa a yanke wa injin hukunci ba, sai an san zafin man a lokacin, an kuma gwada ta da lambar da ake samu idan an ba injin wuta.

Dalili yana cikin yadda famfon baƙin mai yake aiki. Injin ne ke juya shi, don haka idan injin yana silo, yana juyi 650 zuwa 850 a minti, man da famfon ke turawa kaɗan ne. Shi kuwa matsi yana samuwa ne daga ƙuncin hanyoyin da man ke kutsawa, musamman ɗan siririn ratar da ke tsakanin karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan injin, da metal, wato siraran ƙarafan da take juyawa a kansu. Mai sanyi yana da kauri, ba ya wucewa da sauƙi, shi ya sa allura ke hayewa da safe, balle a lokacin hunturu. Idan ya ɗauki zafi ya tsinke, sai ya riƙa sulalewa ta ratar, matsin ya ragu. Ke nan mafi ƙarancin lambar da lafiyayyen injin zai nuna ita ce ta silo bayan ya yi zafi sosai, kuma ita ce ya kamata a auna.

Kafin a taɓa komai, a tsayar da motar a wuri mai daidai, a kashe ta, a ba man 'yan mintoci ya koma kaskonsa, sannan a zaro sandar awo. Ba yawansa kaɗai ake dubawa ba. A murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsu biyu, a kuma sansana. Baƙin launi ba abin damuwa ba ne a injin dizal, domin baƙin hayaƙi kan rina man tun kwanakin farko da zuba shi. Abin tsoro shi ne a ji ya yi ruwa-ruwa yana warin dizal, ko a ga ya haura alamar sama alhali babu wanda ya ƙara masa. Wannan yana nuna dizal na zurarewa cikinsa, ko daga nozul mai yoyo ko daga famfon dizal, kuma man da ya gauraya haka ba zai riƙe matsi ba komai lafiyar metal.

Sai awo na gaskiya, wanda a ganina bai kamata a yarda a sauke injin ba tare da an yi shi ba. Ana kwance ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai a jikin injin, a ɗaura geji na hannu mai tiyo a gurbinsa. Dole ne man ya yi zafi tukuna, kuma a sani cewa ruwan lagireto yana riga shi ɗaukar zafi, saboda haka ganin allurar ruwa ta kai tsakiya bai wadatar ba. A yi tafiyar kamar minti 20 zuwa 30 a kan titi. Daga nan a karanta geji a silo, a rubuta, a ɗaga injin zuwa juyi 2,000, a rubuta, sannan 3,000. A lura da ma'aunin da ke jikin gejin, domin bar 1 daidai yake da kPa 100, ko psi 14.5, kuma rikita su ya sha sa a ɗora wa injin laifin da ba nasa ba.

Lambobin da kamfanoni ke amincewa da su a silo sun yi ƙasa fiye da yadda mutane ke zato. Ga tsofaffin injinan dizal na Marsandi, bar 0.3 a silo da zafi abin karɓa ne, muddin matsin ya kai bar 3 a juyi 3,000. Injin 1HZ na Toyota Land Cruiser shi ma kimanin bar 0.3 ne iyakarsa ta ƙasa a silo, a juyi 3,000 kuma kimanin bar 2.5. Volkswagen kuwa, a injin 1.9 TDI, sharaɗinsa bar 2 ne a juyi 2,000 idan man ya kai digiri 80. Waɗannan iyakoki ne na ƙasa, injin mai ƙoshin lafiya yakan wuce su da nisa, kuma littafin motar shi ne alƙali. Wasu sababbin motoci ma da gangan famfonsu ke rage matsi a silo domin tsimin man da injin ke sha.

Idan gejin hannu ya nuna lafiya amma na cikin mota yana nuna ƙasa, laifin na makunni ne ko waya, gyara mai araha. Idan matsin ya faɗi ƙasa da iyaka a silo amma ya tashi da an taka totur, a fara zargin man: ya tsufa, ya gauraya da dizal, jabu ne, ko bai kai kaurin da littafi ya ce ba, wanda a yawancin tsofaffin injinan dizal a ƙasa mai zafi 15W-40 ne. A juye shi, a sa sabuwar filta mai kyau, a sake awo. In bai canza ba, to metal ya ci ko famfon ya gaji. Idan kuma a silo lafiya lau, amma da an ba injin wuta allura ta fara rawa ko ta sauko, sau da yawa rariyar da famfon ke zuƙar mai ta cikinta ce ta toshe da daskararren datti, sai an kwance kaskon ƙasa an wanke ta. Matsin da ya ƙi tashi a kowane juyi yakan nuna bawul ɗin da ke rage matsi ya maƙale a buɗe.

Akwai dabaru uku da ake yi a wasu gareji waɗanda ba na goyon bayansu ko kaɗan: ɗaga silo domin fitila ta daina ƙyaftawa, zuba mai mai kaurin gaske ko maganin da ke kaurara shi, da mafi muni, cire wayar fitilar. Na biyu yana ɗaga allura, amma ratar metal tana nan yadda take, kuma mai kauri yana jinkirin isa turbo da saman injin idan an tayar da safe. Jar fitilar nan a motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar, wato sai abu ya riga ya yi nisa. Idan ta kama ta tsaya, ko ta zo tare da ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan injin, a gangara gefen titi a kashe mota nan take, domin 'yan mintoci sun isa injin ya yi nokin.

Mai motar da injinsa ke lafiya a yau ya yi wannan awo sau ɗaya bayan an juye mai, ya rubuta lambobin uku da kilomitar da motar ta yi a takarda, ya ajiye tare da takardun mota. Idan bayan shekara silo ya sauka daga bar 1.5 zuwa 0.8 da irin man nan kuma a irin zafin nan, lokaci ya yi da za a buɗe kasko a duba metal, tun karanshaf bai kai ga gurza ba.