Yadda na hana /var cinye faifan saba

Sabarmu ta Linux, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, ta tsaya cak. Da na buga df -h, umarnin da ke nuna filin da ya rage a faifai, sai na ga / (tushen duk fayiloli) ya cika maƙil, umarnin du mai auna girman fayiloli kuma ya tona asirin /var/log, inda na'ura ke ajiye bayanan aikinta. Bayanan aiki ne suka yi ta taruwa, ga shi komai yana zaune a ɓangare ɗaya na faifan.

Na kwafe bayanai na ajiye, na sake raba faifan da LVM, tsarin da ke ba da damar ƙara wa ɓangare girma daga baya. Na ba / 30GB, na ware wa /var nasa, sauran filin kuwa na bar shi ban taɓa ba. Duk ranar da /var ya sake cika, umarnin lvextend -r zai ƙara masa fili daga wanda na bari, ba sai an kashe na'ura ba. Na kuma daidaita logrotate, manhajar da ke rage tsofaffin bayanan aiki.

Kwamfutar tebur kam, ɓangaren EFI (na tayar da na'ura) mai 512MB da / da /home (ma'ajiyar fayilolin mai amfani) sun ishe ta.