Yadda ake dogon zagaye da keke cikin duwatsun Damagaram

Tun da na fara sa hotunan fitarmu matasa ke ta tambayata wai yaya muke yin kilomita 50 ko 60 a daji da keke mu dawo lafiya, to ga yadda nake yi, ɗan'uwa ka karanta a natse don abin ba wasa ba ne.

Farko dai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan harka, da sanyin hunturu. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a nan Zinder, kar ma ka soma. Ana sallame sallar asuba ka hau. Kuma ka lura da iska, ta hunturu daga gabas maso arewa take busowa, shi ya sa ni nake fara nufar gabas, wajen Mirya mai kilomita kusan 18, in yi fama da ita tun ƙafata na da ƙarfi, sannan in saki kwalta in shiga hanyoyin amalanke tsakanin duwatsu in zagayo gida iska na tura ni ta baya. Wanda ya juya tsarin nan zai sha wuya a dawowa.

Sai keken. Wanda ake ce ma VTT, mai faɗin taya da giya. Tun ana gobe za ka fita ka duba birki gaba da baya, ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata mai kaɗan ka sake gogewa, in ka jiƙa ta sharkaf ƙura ce za ta manne ta cinye haƙoran. Iskar taya kuma kar ka cika ta tam kamar ta kwalta, rage kaɗan yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa, ta fi kama dutse da rairayi, amma in ta yi laushi da yawa bakin dutse zai tsaga maka tub.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, ruwa da ƙaya. Zagaye ba kamar je-ka-dawo ba ne, in ka kai tsakiya ta ko'ina gida nesa ne, ba wata gajeriyar hanya. Ni ba na fita da ƙasa da lita 4, gora biyu a jikin keke sauran a jakar baya, ɗaya kuma ruwan gishiri da sukari ne, lita 1 ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kana kurɓa duk bayan minti 15 ko 20 ko ba ka jin ƙishi, don iskar hunturu tana busar da gumi ba ka ma san kana zubar da ruwa ba. Bara wani abokin tafiyarmu ya zo da gora ɗaya wai ai sanyi ake, wajen ƙarfe 11 muka ga ya yi shiru, leɓensa ya tsattsage, yana taka keke yana layi, a gindin wata kuka muka zaunar da shi fiye da awa guda muna ba shi namu kaɗan-kaɗan. Wallahi ranar na tsorata. Tun daga nan dokata ita ce in rabin ruwa ya ƙare ba a kai rabin hanya ba to a juya, ba gardama. Ƙaya kuwa tsidau da ta aduwa su ne masu ba mu aiki, ka riƙe tub 2, kayan faci, famfo da sifana, kuma kafin ka sa sabon tub ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar, in ba haka ba nan take za ta sake hudawa. Guzuri dabino da ƙuli-ƙuli sun isa.

Tuƙin kansa, ka sauya giya tun kafin ka fara hawa tudu ba sai ƙafa ta yi nauyi ba. A gangara ka miƙe a kan feda, ƙafafu daidai da juna, ka ja jiki baya da sirdi, birki biyun tare a hankali, in ka damƙe na gaba shi kaɗai ta kan keken za ka wuntsila. Idonka can gaba inda kake son bi, dutsen da ka zuba ma ido shi za ka daka. Rairayin ƙorama ƙaramar giya, kar ka murɗa kai da ƙarfi, in ya ƙi ka sauka ka tura. Hular kwano dole ce. In za ka huta kar ka cusa hannu a kogon dutse, kububuwa da kunama nan suke laɓewa.

Kar ka tafi kai kaɗai, ku zama 2 ko 3, ka faɗa ma na gida hanyar da za ku bi da lokacin dawowa don akwai wuraren da ba rezon waya sam. In kun shiga ƙauye ku rage gudu saboda yara da bisashe, ku yi sallama, ku gaida dattawa ku tambaye su hanya da inda rijiya take, sun fi taswirar waya sanin wurin. Ku lissafa yadda azahar za ta same ku cikin gari.