Yadda Ake Cire Tsatsa a Daɓen Tsohuwar Peugeot 504 a Yi Masa Faci

Duk wanda ya gaji tsohuwar Fijo 504 a Jos, ko ya saye ta don ya farfaɗo da ita a hankali a ranakun hutunsa, zai tarar cewa inji ba shi ne babbar matsalarta ba, domin tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975 makanikanmu suka san injin nan kamar yunwar cikinsu, kuma ana iya neman kayansa a Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota a cikin garin Jos. Abin da ke kashe motar shi ne tsatsa. Damina a Jos takan kama daga Afrilu har Oktoba, ruwa ya riƙa zurarowa ta tsohuwar robar gilashi yana kwanciya ƙarƙashin kafet, ƙarfe yana ruɓewa ba wanda ya sani.

Da farko a cire batir, a kwance kujeru, a yaye kafet da duk abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, sannan a share daɓen da buroshin waya. Daga nan a ɗauki sukudireba a bi daɓen ana dannawa da ƙarfi, musamman inda direba ke ajiye ƙafa, da gefen ƙofofi, da cikin but. Lafiyayyen ƙarfe zai tirje, ruɓaɓɓe kuwa zai fashe kamar ƙosasshen ƙwarya. Inda ake zargin an taɓa gyara, a ɗora mayen ƙarfe. Idan ya ƙi kamawa, to fila, wato kwaɓin da ake cike rami da shi a jikin mota, aka cusa aka rufe da fenti. A tawa motar, wurin da na zaci faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, da na gama tonawa sai da ya kai faɗin faifai, har na tarar da guntun buhu da wani ya toshe ramin da shi.

A zagaye wurin da alli, a ƙetare iyakar tsatsar da kamar santimita 2 zuwa cikin ƙarfe mai kyau, sannan a yanke. Nan ne mutane da yawa ke yin rowa, suna jin ciwon yanke ƙarfen da ido ke gani lafiya lau, alhali walda ba ta kama ƙarfen da ya sirance, sai dai ta huda shi. Kafin a kunna injin yanka ko wutar walda, wajibi ne a leƙa ƙasan motar a ga inda bututun mai da na birki da wayoyi suka bi, a kawar da su. Idan aikin yana kusa da tanki, a sauke shi a kai shi nesa, domin tankin da babu mai a cikinsa yana riƙe da tururin fetur.

Sai a ɗora kwali a kan ramin a fitar da siffarsa, a kwafe ta a farantin ƙarfe mai kaurin da ya yi daidai da na daɓen, wato kusan milimita 1. Kada a yi amfani da kwanon rufi, saboda ya cika siranta, kuma hayaƙin da ruwan tutiyar jikinsa ke fitarwa lokacin walda yana sa zazzaɓi. A lanƙwasa facin da guduma a kan katako har ya zauna a ramin daram.

Walda ita ce inda haƙuri ke aiki. Ƙarfe mai siranta haka ba ya jure dogon zafi, don haka ba a jan walda a layi ɗaya. A ɗiga ɗigo ɗaya a kowace kusurwa don facin ya tsaya, sannan a riƙa ɗigawa nan da can, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana barin wurin ya huce har a iya taɓa shi da hannu, har ɗigon su haɗe. Waldar gas da masu gyaran jikin mota suka saba da ita tana yin aikin, amma zafinta yana bazuwa ya murɗe faranti, shi ya sa na fi son na'urar MIG, wato injin walda na lantarki mai turo siririyar waya da kansa, idan ta samu. Wanda hannunsa bai faɗa ba, gara ya shirya komai da kansa, ya kira mai walda ya tsaya a kansa. A ajiye bokitin ruwa da abin kashe gobara kusa, a sa gilashin walda da safar hannu.

Bayan an gurje tudun waldar, a haska tocila daga ƙasa a cikin duhu, duk inda haske ya ɓullo a sake ɗigawa. A goge da samfefa, a share maiƙo, a shafa fentin farko mai hana tsatsa sama da ƙasa a ranar, don ɗanyen ƙarfe ba ya kwana lafiya a lokacin damina. A bi layin waldar da man toshe kafa, sannan a yi fenti. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, a jira rana ta ɗaga, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Kafin a mayar da kafet, a canza robar gilashi, a sa waya a buɗe ƙananan ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofofi, sannan mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya kwarara wa motar ruwa ta ko'ina, a ga ko akwai inda ya rage yana yoyo.