Yadda Ake Shirya Zanga-zanga a Jami'ar Amurka Ba Tare da Tsallake Iyakar Doka Ba

Dokar Amurka tana kare abin da ɗalibi ya faɗa komai zafinsa, amma kariyar tana ƙarewa da zarar ya hana wani ɗalibin karatu. Sau da yawa abin da ke jefa masu zanga-zanga a hannun hukuma shi ne ƙofar da suka tare, ko lasifikar da suka kafa a gindin aji, ko ƙin tashi bayan an ce a watse.

Ku fara da sanin mai makarantar

Gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya kare 'yancin magana da na taro, gwamnati ya ɗaure wa hannu. Saboda haka jami'ar gwamnati dole ta mutunta 'yancin magana da na taro, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Healy da James a 1972. Jami'a mai zaman kanta kuwa wannan gyaran bai hau kanta ba. A can, madogararku ita ce alkawuran da makarantar ta rubuta da kanta a littafin dokokin ɗalibai, waɗanda kotuna kan ɗauka tamkar yarjejeniya. Jihar Kalifoniya ta fita daban: dokar Leonard ta 1992 ta hana jami'o'i masu zaman kansu hukunta ɗalibi kan maganar da tsarin mulki ya kare, ban da wasu makarantun addini. Ku sauke littafin dokokin na shekarar da ake ciki, domin makarantu da dama sun tsaurara nasu bayan zanga-zangar Gaza ta 2024.

Ma'aunin da alƙali ke amfani da shi

Tushen maganar ita ce shari'ar Tinker ta 1969. Wasu 'yan makaranta a garin Des Moines sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don nuna adawa da yaƙin Biyetnam, aka dakatar da su. Kotun Ƙoli ta ce makarantar ba ta da hurumi, tun da ƙyallen bai kawo cikas na zahiri ga karatu ba, kuma fargabar cewa wataƙila a yi rikici ba hujja ba ce. Hukuncin Healy ya fayyace ɗaya ɓangaren a matakin jami'a: hukuma na iya hana duk abin da ya katse darasi ko ya tauye wa sauran ɗalibai damar neman ilimi.

Banda wannan, makaranta na da ikon tsara lokaci da wuri da yanayin taro, bisa sharuɗɗa uku da aka bayyana a shari'ar Ward ta 1989. Dokar kada ta danganta da abin da ake faɗa, kada ta zarce abin da ake buƙata don kare wata muhimmiyar maslaha, kuma ta bar muku wasu hanyoyi isassu na isar da saƙo. Sharaɗin farko shi ne makaminku mafi kaifi. Idan an bar wata ƙungiya ta kafa lasifika a fili ɗaya makon jiya, yau aka hana ku, ku rubuta ranar, ku ajiye hotuna da sanarwar taron nasu. Nuna bambanci saboda ra'ayi na daga abubuwan da kotu ba ta lamunta daga jami'ar gwamnati.

Wuri, ƙara da ƙofa

Ku zaɓi buɗaɗɗen fili ko gefen hanyar da kowa ke bi, nan ne kariya ta fi ƙarfi. Aji, ɗakin karatu, ɗakin gwaji da ofisoshi an gina su don wani aiki, kuma hukuma na iya hana taro a cikinsu kai tsaye. Ku duba jadawalin darussa da na jarrabawa na gine-ginen da ke kewaye kafin ku tsayar da lokaci. Idan ana buƙatar sanarwa ko riƙe wuri, ku nema a rubuce, ku riƙe kwafin amsar.

Ƙara ita ce ta fi saurin ɓata shiri. A shari'ar Grayned ta 1972 Kotun Ƙoli ta amince da dokar birnin Rockford da ta haramta hayaniyar da ke damun makaranta lokacin da ake karatu, ko da mai hayaniyar yana tsaye a wajen harabar. Gwajin mai sauƙi ne: ku tura mutum ɗaya ya tsaya a barandar aji mafi kusa. In yana jin kalmominku tar, malamin da ke ciki ma yana ji, sai a rage murya ko a juya bakin lasifikar.

Kada a tare ƙofa, matakala, hanyar masu keken guragu ko ta motar kashe gobara, ko na minti biyar ne. Ku ware mutane masu alama a jiki waɗanda aikinsu kawai shi ne buɗe hanya, da mutum guda da zai riƙa magana da jami'an tsaro a madadin kowa. Haka kuma, ɗaga kwali shiru a bayan zaure yayin da baƙo ke jawabi galibi ba laifi, amma ihun da zai hana a ji shi laifin ladabtarwa ne a makarantu da yawa.

Tanti da kwana

A nan ɗalibai suka fi ruɗuwa, domin suna ganin tantin ma saƙo ne. A 1984, a shari'ar Clark, masu fafutukar kare marasa matsuguni sun nemi kwana a dandalin Lafayette da ke gaban Fadar White House. Kotun Ƙoli ta ce ko da an ɗauki kwanan a matsayin saƙo, dokar hana kwana a wurin tana nan daram tun da ta shafi kowa. Jami'o'i na jingina da wannan hukunci. A Jami'ar Kolombiya, wadda mai zaman kanta ce, 'yan sanda sun kama mutum fiye da 100 a sansanin tantuna ranar 18 ga Afrilun 2024, sannan ranar 30 ga watan suka fitar da waɗanda suka mamaye ginin Hamilton. Mamaye gini yana mai da batun laifin kutse, in an fasa wani abu kuma a ƙara da na ɓarna. Wanda ya zaɓi karya doka da gangan don jan hankali ya bi tsohuwar hanya mai tarihi a gwagwarmayar baƙar fata, amma kyawun manufarsa ba zai wanke shi a gaban alƙali ba. Wajibi ne masu shiri su gaya wa kowa wannan tun kafin a fita.

Kalaman da ba su da kariya

Ba su da yawa: barazana ta gaske ga wani mutum, da tunzura jama'a su aikata laifi nan take a yanayin da hakan zai iya faruwa, bisa hukuncin Brandenburg na 1969. Sai kuma sashe na shida na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wanda ya wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya ta magance tsangwama saboda launin fata ko asali. Suka ga gwamnati ko wata ƙasa halal ne. Bin wani ɗalibi da zagi saboda asalinsa, ko hana shi wucewa, zai tilasta wa makarantar ɗaukar mataki.

Idan aka ce a watse

Ku tashi, ko da kuna ganin umarnin zalunci ne. A kotu ake ƙalubalantarsa daga baya. Ku rubuta lokacin da aka bayar da shi da wanda ya bayar. Wanda aka kama kada ya yi turjiya. Ya faɗa da bakinsa cewa zai yi shiru kuma yana son lauya, kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Ladabtarwar makaranta daban take da shari'ar kotu, tana iya ci gaba ko da an janye tuhuma. A jami'ar gwamnati kuna da haƙƙin a sanar da ku laifin kuma a saurare ku kafin kora. Wannan ya samo asali daga shari'ar Dixon ta 1961, bayan an kori ɗalibai baƙar fata daga Kwalejin Jihar Alabama saboda zaman dirshan. Ku nemi tuhumar a rubuce, ku kula da wa'adin ɗaukaka ƙara domin yakan zama 'yan kwanaki, kuma ku tuntuɓi lauya kafin ku ba da bayani, don abin da kuka faɗa wa kwamiti na iya kaiwa ga mai gabatar da ƙara.

Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa da bizar karatu ta F-1 haɗarinsa ya ninka. Bizar ta rataya ne a kan cikakkiyar rajistar karatu, don haka dakatarwa kaɗai na iya rushe izinin zamansa, kamu kuma na iya jawo soke bizar. Ku ba irin waɗannan ɗalibai aikin da ke nesa da inda ake kamu, kamar rubuta sanarwa ko riƙe lambar lauya, kuma su ga lauyan shige da fice kafin ranar taron.