Hawan jini a bakin daga: yadda soja zai auna shi ya kuma riƙe maganinsa

Gudun asuba da ƙarfin jiki ba sa hana soja kamuwa da hawan jini. Ciwon ba ya sallama, sau da yawa sai a gwajin lafiya ake gano shi. Gadin dare, taba, goro, lemon ƙarin kuzari da abincin gwangwani duk suna ingiza shi.

A fara da awo na gaskiya. Kada ka auna da saukowarka daga fareti. Ka ba da minti 30 babu taba, goro, kofi ko motsa jiki, ka yi fitsari, sannan ka zauna minti 5, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Cire rigar kakin gaba ɗaya, domin naɗe hannunta yakan matse dantse. Ga inda ake yawan kuskure da sojoji: mai kaurin dantse idan aka ɗaura masa ƙaramin madaurin na'urar awon jini, lambar takan fito sama da yadda take. Ka nemi babban madauri. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya. Idan ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku daban-daban, sai ganin likitan bariki.

Ɓoye ciwon don tsoron a rage maka aiki wauta ce. Shanyewar ɓarin jiki ce ke raba soja da kaki.

Idan an ɗora ka kan magani, ka gaya wa likita inda za a tura ka. Masu sa yawan fitsari, irin su hydrochlorothiazide, suna iya busar da jiki a zafin Borno har jiri ya ɗebi mutum a tsaye. Amlodipine yakan kumbura idon sawu, takalmi ya matse. Lisinopril kuma busasshen tari. Ko wanne ya dame ka, likita zai sauya. Kada ka daina da kanka don lamba ta sauka. Ka tafi da maganin da zai wuce wa'adin aikin, a jakar da ruwa da rana ba sa taɓawa.

Ibuprofen da diclofenac da ake haɗiya don ciwon jiki suna ɗaga jini, a yi hankali. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen magi.

Lamba ta kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, karkacewar baki, rashin ƙarfin hannu ɗaya ko dishewar gani? A garzaya asibiti nan take, kada a jira sauyin gadi.