Yadda ake farfaɗo da kasuwar kayan da suka fara kwantai

Idan kayan da a da ake wawasonsu suka fara kwantai, abin da ke fara zuwa wa mai kaya a rai shi ne karya farashi. Dakata tukuna. A ce kana cin ribar 30 a kowane 100. Ka rage 10 a farashi, riba ta koma 20. Sai ka sayar da abin da kake sayarwa a da, ka ƙara da rabinsa, kafin ka dawo inda kake. Ga shi kuma ka koya wa mai saye jiran ranar rangwame.

Fara da buɗe littafin ciniki na wata 12 zuwa 24 da suka wuce. Masu saye ne suka ragu, ko su ɗin ne dai amma kowa ya rage abin da yake ɗauka? A ko'ina cinikin ya faɗi, ko a hannun dillali ɗaya? Kwatanta kowane wata da takwaransa na bara, don wasu kayan lokacinsu gare su.

Daga nan sai ka nemi waɗanda suka daina saye, kuma wannan matakin ne na fi damuwa da shi, domin shi aka fi gudu. Ko mutum goma ne, kira su da kanka. Kada ka ce "me ya sa ka daina?", don kunya za ta sa ya ce maka babu kuɗi. Ka ce, "Me kake amfani da shi yanzu a madadinsa?" Ka yi shiru ka saurara, ban da kare kai. Sannan ka je inda ake sayar da kayan ka tsaya na awa guda. Wataƙila ka tarar da kwalinka a can ƙasan kanta, ƙura ta rufe sunan, mai shago kuma yana miƙa wa mutane na wani kamfani saboda ya fi samun riba a kansa. Sau da yawa ba ƙin kayan aka yi ba, ganinsu ne ba a yi.

Waɗanda har yanzu suke saye ma akwai tambayarsu: me suke yi da kayan? Kleenex ya shigo kasuwa a 1924 a matsayin takardar goge man kwalliya. Da kamfanin ya lura mutane na fyace hanci da ita, sai ya juya tallar zuwa can, kasuwa ta buɗe. Kayan ba su canza ba, maganar da ake yi a kansu ce ta canza.

Idan kuwa kayan ne ke buƙatar gyara, a bi a hankali. A watan Afrilun 1985 Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa ganin Pepsi na cin kasuwarsa. Masu sha a Amurka suka yi ca, kwana 79 kacal aka dawo da tsohon. Saboda haka gwada sabon kwali, sabon girma ko sabon haɗi a wuri ɗaya tukuna, kuma abu ɗaya a lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki.

Sai yanzu talla ta zo. Ɗauki dalili ɗaya tak, daga bakin masu sayen da ka saurara, ka gina saƙonka a kai. Fara aika shi ga tsofaffin abokan ciniki ta WhatsApp ko kiran waya. Sun riga sun san ka, dawo da su ya fi neman baƙo sauƙi. Duk wanda ya saya, tambaye shi inda ya ji labari, ka rubuta.

Ka kuma yanka wa kanka wa'adi tun farko, kamar wata uku, da adadin cinikin da kake son gani. In wa'adin ya cika lamba ba ta motsa ba, a nan rangwame ke da amfani: sayar da ragowar, ka mayar da jarin kan kayan da ke tafiya.